GARI SAI DA ƘAFA: DAGA TSOHON BIRNIN MALAKA ZUWA LUNGUNAN JAHUN

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na 'yan asalin Jahun mazauna birane



Da farko muna godiya ga kwamitin shirya taro da ya ga dacewar ba mu wannan dama. An nemi mu yi magana ne a kan abin da muka gano a tafiyar da muka yi zuwa ƙasar Malesiya. Mun san da yawa a cikin wannan zaure suna sa ran jin labarin dogayen benaye da jiragen ƙasa na zamani da gonakin kwakwar manja. Duk mun gan su, amma za mu bar su sai wani jiƙon. Abin da muka kawo muku yau shi ne labarin yini guda da muka yi muna yawo a ƙasa cikin wani tsohon gari, da wata tambaya da aka yi mana a can muka kasa amsawa, da kuma abin da muka tarar a gida sa'ad da muka dawo neman amsarta.

YADDA AKA SAUKE MU DAGA MOTA

A shekarar 2023 mu huɗu muka je Kwala Lamfur, babban birnin Malesiya, domin halartar bikin yaye ɗalibai, inda wasu yaranmu biyu suka kammala karatu. Da aka gama biki muna da sauran kwana ɗaya kafin jirginmu, sai ɗaya daga cikin yaran ya ba da shawara mu je Malaka, wani tsohon birni na bakin teku da ke kudu, tafiyar kamar awa biyu a mota. Da muka isa gefen tsohon garin, sai ya sa direba ya tsaya, ya ce, "Kawu, daga nan sai ƙafa." Muka dubi juna. Dukkanmu mun haura shekara hamsin, kowa da babbar riga da ɗan tumbinsa, kuma a cikinmu akwai wanda ko masallacin unguwarsu a mota yake zuwa. Yaron ya ce, "Ku yi haƙuri, Kawu, in kuka zaga a mota, za ku koma gida ba ku ga komai ba." Kunya ta hana mu musu da ɗan cikinmu, muka tattare riguna muka bi shi.

ABIN DA ƘAFA TA GANI A MALAKA

Malaka zango ne, kamar yadda Kano ta kasance zangon fatake, sai dai ayarinsu na jiragen ruwa ne. An kafa garin wajen shekarar 1400 a bakin wani siririn mashigin teku da ke tsakanin Malesiya da tsibirin Sumatara. Jiragen wancan zamani iska ke tura su, iskar kuwa takan juya sau biyu a shekara, saboda haka fataken Sin da Indiya da Larabawa sukan sauka a nan su yi watanni suna jiran ta juya. Sarakunan garin suka karɓi Musulunci, kuma zamanin Sarki Mansur Shah, daga 1459 zuwa 1477, ya haɗu da farkon zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya hau mulki a 1463. Arzikin garin ya jawo masa ido. Turawan Fotugal suka ci shi da yaƙi a 1511, Turawan Holan suka ƙwace daga hannunsu a 1641, daga baya ya faɗa hannun Ingila, har ƙasar ta sami 'yancin kai a 1957.

Duk wannan tarihi mun taka shi da ƙafa cikin 'yan awoyi. Mun fara daga wani dandali da aka shafa wa gine-ginensa jan fenti, inda gidan gwamnan Holan yake tun 1650, wanda yanzu gidan tarihi ne. Daga nan muka hau wani ɗan tudu, muna hawa muna hutawa, har zuwa kangon wata majami'a da aka fara ginawa a 1521. Ba ta da rufi, amma an share ta tas, an jingina duwatsun kaburburan Turawa a jikin bango. Da muka gangaro ta ɗaya gefen sai ga wata ƙofa ta dutse ita kaɗai a fili. Ita ce abin da ya fi shahara cikin ragowar katafariyar ganuwar da Turawan Fotugal suka gina. Turawan Ingila ne suka farfasa ganuwar da albarushi a 1807, ƙofar nan ta tsira da ƙyar. A yau mutane daga ƙasashe daban-daban suna bin layi domin ɗaukar hoto a gabanta.

Kusa da ƙofar akwai wani babban gini na katako mai siffar fadar Sarkin Malaka. Fadar ta asali ta ɓace tun ɗaruruwan shekaru, amma da yake marubutan tarihinsu sun bar bayanin yadda take, sai aka bi wannan bayani aka sake gina kwatankwacinta a shekarun 1980. Muna roƙon jama'a su riƙe wannan, domin za mu dawo kansa.

Bayan nan muka haye gadar kogin da ya ratsa garin muka shiga tsofaffin unguwanni. Titunan ƙanana ne, gidajen kuwa sirara ta fuska amma dogaye ta ciki, da ɗan tsakar gida a buɗe domin iska da haske. Gaban kantuna akwai baranda mai kare mai tafiya daga rana da ruwan sama. Yaronmu ya riƙa fassara mana sunayen da ke jikin alluna: wannan Titin Maƙeran Zinariya, wancan Titin Maƙeran Ƙarfe. Nan take muka tuna Dukawa da Soron Ɗinki a birnin Kano, da Zangon Barebari da Tudun Nufawa da Agadasawa, unguwannin da sunansu kaɗai ya isa ya faɗa maka sana'ar mazaunansu ko asalinsu. Da gumi ya yi mana yawa muka zauna a wata rumfa, aka kawo mana ƙanƙara da madarar kwakwa da wani baƙin sukari na bishiya, wanda ɗanɗanonsa bai da maraba da mazarƙwaila.

Ba za mu ɓoye muku aibun da muka gani ba. Tun da hukumar UNESCO ta sanya Malaka cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 2008, baƙi sun yi yawa, gidaje da dama sun koma masauki da kantunan tsaraba, kuma a Titin Maƙeran Ƙarfe sai da muka yi ta dube-dube kafin mu ji ƙarar guduma. An kuma cike bakin teku da ƙasa an yi manyan kantuna, har ƙofar nan da a da take daf da ruwa yanzu ta yi nisa da shi. Duk da haka, abin da suka riƙe sun riƙe shi da kyau, kuma yana ciyar da masu abinci da masu keken ɗaukar baƙi da masu yi wa baƙi jagora.

TAMBAYAR DA TA ƊAURE MU

Azahar ta same mu a Titin Maƙeran Zinariya, muka shiga Masallacin Kampung Kling, wanda fataken Indiya Musulmi suka fara ginawa a 1748. Rufinsa hawa-hawa ne, hasumiyarsa kuma ta ɗauko fasalin ginin mutanen Sin. A titin nan guda, 'yan taku kaɗan tsakani, akwai wurin ibadar Hindu da na mutanen Sin, kowa yana harkarsa. Bayan an idar da salla wani dattijo ya ga shigarmu ya matso muka gaisa, yaronmu yana tafinta. Ya ba mu labarin masallacin dalla-dalla, ya nuna mana kabarin da ya ce na kakansa ne a harabar. Sa'an nan ya tambayi sunan garinmu, muka ce Jahun, a Jihar Jigawa ta Nijeriya. Sai ya ce, "Wane gini ne ya fi tsufa a garinku, kuma wa ya gina shi?"

Jama'a, mu huɗu ne, da mai digiri biyu, da tsohon darakta, da ɗan kasuwar da ya san Dubai kamar tafin hannunsa, amma aka rasa mai amsa. Wani ya ce masallaci, wani ya ce gidan Hakimi, aka fara gardama da Hausa, dattijon yana murmushi. Tun daga nan har filin jirgi ba wanda ya ƙara yabon benaye.

A cikin jirgi muka zauna muka yi wa kanmu hisabi. Yaya muke zuwa gida? Mukan taso daga birni ran jajibirin salla, gilashi a rufe, sanyi a kunne. Mu sauka a ƙofar gidan da muka gina a sabuwar unguwa ta bakin titi. Washegari mota ta kai mu idi, ta kai mu gaisuwar iyaye, ta kai mu fada, kwana biyu mu juya. 'Ya'yanmu sun san hanyar Dutse da ta Gujungu, amma in ka sauke su a tsakiyar gari ka ce su kai ka gidan da aka yanke cibiyar kakansu, sai a yi cirko-cirko. Ashe shekara talatin muna zuwa Jahun, ba mu shiga Jahun ba.

YAWON DA MUKA YI A GIDA

Da Babbar Salla ta 2024, wadda ta zo a watan Yuni, farkon damina, muka cika alkawarin da muka yi wa kanmu. Muka ajiye motoci, muka roƙi wani dattijo ɗan shekara tamanin da 'yan kai ya shige mana gaba, muka ɗauki yara shida. Da muka ce, "Baba, ko a samo maka babur?" sai ya ce, "Ku dai ku ji da kanku, 'ya'yana." Gaskiyarsa kuwa, mu muka riƙa neman inuwa.

Abu na farko da muka lura shi ne gaisuwa. Mai mota ɗaga hannu yake yi ya wuce, mai tafiya a ƙasa kuwa dole ya tsaya. Kafin hantsi mun gaisa da dangin da muka yi shekaru ba mu gani ba, mun yi ta'aziyya biyu da ba mu ma san an yi rasuwar ba, mun kuma ji koke-koken da ba su taɓa zuwa teburin wannan ƙungiya ba.

Na biyu shi ne gini. Baba ya shigar da mu wani tsohon zaure na ƙasa mai ɗaurin guga, rufinsa azara. Waje rana tana ƙuna, ciki kuwa sanyi kamar randa, domin katanga mai kauri ta tubali ba ta barin zafin rana ya ratsa da wuri. Ya faɗa mana sunan maginin da kuma wanda aka gina wa. Amma ɓarin zauren ya tsage, indararo ya karye, ruwa yana bin jikin bango. Magada suna birni, kowa ya yi nasa na bulo da kwano. Baba ya bayyana mana cewa ginin ƙasa ta wuri biyu yake mutuwa: ta sama in an daina yaɓe da gyaran indararo, ta ƙasa kuma in ruwa ya kwanta a gindinsa. Wasu sun yi zaton gata ne su shafe shi da siminti, alhali siminti yakan kulle danshi a ciki, ƙasar ta ruɓe a ɓoye, rana ɗaya fatar simintin ta ɓalle da rabin bango. A lungu guda ya nuna mana gurabe uku da ya ce da zauruka irin wannan a cikinsu sa'ad da yake saurayi.

Na uku, kuma wanda ya fi tayar mana da hankali, shi ne hanyar ruwa. An yi ruwa daren jiya, saboda haka ƙasa ta nuna mana komai. Kududdufan da muka yi wanka a ciki muna yara ramuka ne da aka haƙa domin ɗibar ƙasar gini, daga baya suka zama matattarar ruwan unguwa, lunguna kuma aka bar su da gangare zuwa cikinsu. Mun tarar da wani an cike shi da shara, wani an yanka shi fuloti an aza harsashi. Ruwa kuwa bai san an sayar ba, hanyarsa ta da yake nema, in ya rasa ya shiga ɗakin talaka. Mu da muke zaune a ƙasar fadama ta kogin Haɗeja, muka kuma ga irin ɓarnar da ambaliya ta yi a ƙananan hukumomi da dama na Jigawa a 2022, bai kamata a tuna mana wannan ba. Abin kunyar shi ne, da aka bi diddigi, wasu daga cikin masu sayen irin waɗannan fuloti mu ne 'yan birni, muna aiko da kuɗi a saya mana wurin da ba mu taɓa takawa ba.

Na huɗu shi ne sunaye. Kowane lungu da kowace tsohuwar rijiya da kowace kuka ko tsamiya da muka wuce, Baba yana da sunanta da dalilin sunan. Yaran da ke tare da mu ba su taɓa jin ko ɗaya ba, mu ma rabi mun manta. Mutanen Malaka sun sake gina fadarsu ne domin wani ya rubuta yadda take. Mu namu kundin yana tafiya ne a kan sanda, shekarunsa tamanin da 'yan kai.

Bayan kwana biyu muka wuce Haɗeja muka yi irin wannan yawo a tsohon gari. Birni ne da ya yi suna da ƙaƙƙarfar ganuwa, garin Sarki Buhari wanda ya rasu a 1863, garin da Sarki Muhammadu ya tsaya ya yi yaƙi da Turawa a watan Afrilun 1906 har ya rasa ransa, shi ya sa ake kiransa Mai Shahada. Mun taka daga ƙofar fada zuwa kasuwar kifi, muna tambayar inda ganuwa ta bi. Dattawa suna nunawa da hannu, samari kuwa da yawa sai su ce mu tambayi na gaba. Muka ce a ranmu, in mutanen Malaka suna cin abinci da ƙofa guda ta dutse wadda baƙi ma suka gina, ina ga garin da ke da irin wannan tarihi nasa na kansa?

Kada wani ya ce ai nasu dutse ne, namu ƙasa. Tsohon garin Agadas a Jamhuriyar Nijar da ƙasa aka gina shi, har da doguwar hasumiyar masallacinsa, kuma ya shiga jerin UNESCO a 2013 saboda mutanensa ba su daina yaɓe ba. A ɗaya gefen kuma ga badalar Kano, wadda aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu, shekara ɗari tara da suka wuce. Duk mai bin gefenta a yau ya san yadda gine-gine da masu ɗibar ƙasa suka cinye ta. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

ABIN DA MUKE ROƘO

Ba mu zo da maganar jawo Turawa 'yan yawon buɗe ido zuwa Jahun ba, kuma ba mu ce kowa ya rushe bulo ya koma tubali ba. Buƙatunmu biyar ne, kuma babu wanda ya fi ƙarfin aljihun mutanen da ke zaune a nan.

Na ɗaya, a ware safiyar washegarin kowace Babbar Salla domin zaga gari a ƙasa, da izinin mai girma Hakimi da masu unguwanni. Kowa ya ajiye mota, ya riƙo hannun 'ya'yansa maza da mata, dattawa su shige gaba. Shekara mai zuwa a kai yawon Aujara ko Harbo ko Gunka, har a zaga gundumomin ƙaramar hukumar.

Na biyu, a ɗora wa ɗalibanmu na manyan makarantu aikin zama da dattawa, maza da mata, su naɗi maganarsu da wayar hannu, su rubuta sunayen unguwanni da rijiyoyi da gidajen sana'a, a riƙa buga wani sashe a wannan mujalla duk shekara. Wannan shi ne mafi gaggawa, domin gini yakan jira damina ɗaya ko biyu, tsoho kuwa ba shi da tabbacin gobe.

Na uku, a ƙidaya tsofaffin zaurukan ƙasa da suka rage, a zaɓi ko da biyar ne, a yi magana da magadansu, a riƙa biyan maginan gargajiya su yi musu yaɓe da gyaran indararo kafin ruwa ya sauka, tare da sa yara su koyi aikin a hannunsu.

Na huɗu, mu yi wa juna alkawari cewa babu ɗan wannan ƙungiya da zai ƙara sayen fili a gari sai ya je ya taka shi da ƙafarsa, da damina, ya tambayi maƙwabta inda ruwa yake bi. Mu kuma nemi ƙaramar hukuma da masarauta su shata kududdufan da suka rage a hana yanka su.

Na biyar, a kafa ƙananan alluna masu ɗauke da sunayen unguwanni na asali, da boko da ajami, domin yaro ya tashi yana karanta su.

KAMMALAWA

Mai girma shugaban taro, da muka gama zagayen nan muka raka Baba gida, mun maimaita masa tambayar dattijon Malaka. Bai yi jinkiri ba ya ba mu amsarsa, har da sunan magini. Da muka kai wa wani dattijon, sai ya ce ba haka ba ne, ya kawo tasa. Ba za mu yanke hukunci a wannan zaure ba. Dukansu biyu suna nan da ransu, gidajensu kuma ba su da nisa da juna, sai dai mota ba ta shiga lungun. Duk mai son jin yadda za ta kaya, mu haɗu a ƙofar fada washegarin salla da sassafe, kuma a zo da takalmi mara tsini.

Muna neman afuwar duk wanda maganarmu ta sosa wa rai, domin da kanmu muka fara. Allah ya ja zamanin iyayenmu, ya mayar da kowa gidansa lafiya.